Hutun Sallah: Tsoron Kaɗaici Da Abin Da Yake Jawo Mana A Kan Titi

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Abuja ya san wani irin shiru da kan sauka wa garin tun daga ranar jajibere. Titunan da aka saba cunkoso a kansu sai su koma fayau, har mutum ya tuƙa mota daga Garki zuwa Maitama bai taka birki sau uku ba. Mai shayi ya kife teburinsa, masu gyaran takalmi sun ɓace, gidajen abinci sun rufe, maƙwabta sun kulle ƙofofi sun bar wa mai gadi sallahu. Tun da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya can a ranar 12 ga Disambar 1991, birnin bai zama gida ga yawancin mazaunansa ba. Wurin neman abinci ne, da zarar kuwa an ce hutu, kowa sai ya tuna da inda aka binne cibiyarsa.

A daidai lokacin da birnin ke yin tsit ɗin nan, hayaniyar da ta bar shi tana can kan hanya, daga Zuba zuwa Tafa, zuwa Jere da Katari da Rijana, ta ratsa Kaduna ta nufi Mararrabar Jos da Jaji da Zariya, ta bi ta Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura har cikin Kano. Motoci ne bi-da-bi, manya da ƙanana, kowace maƙil da mutane da tsaraba, kowane direba kuma ji yake kamar shi kaɗai ne ke da uzuri. Mun saba kallon abubuwan nan biyu a rarrabe: kaɗaicin wanda ya rage a gari matsalarsa ce shi kaɗai, haɗarin mota kuma aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ne. A nawa ganin, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Da yawa daga cikin gangancin da muke yi a kan titi a kwanakin Sallah, tushensa tsoro ne, wato tsoron kada gari ya waye ranar Idi mutum yana shi kaɗai a ɗaki, da kuma tsoron abin da za a ce a gida in ba a gan shi ba.

Ban zo da wannan magana daga littafi ba. Wata shekara, ranar 29 ga watan azumi, aiki ya riƙe ni a ofis har bayan La'asar. Kwana tara ke nan ina zuwa tahajjudi, barcin da nake samu a kowane dare bai wuce sa'a uku ba, ga shi kuma da azumi a bakina. Hankali ya ce in kwana in kama hanya da asuba, zuciya ta ce ai wataƙila a ga wata yau, in kuwa aka gani gobe Sallah, a ina zan yi Idi, da wa kuma? Na jefa jaka a bayan mota na kama hanya. Na sha ruwa a tsaye a bakin titi, na ci dabino da ƙosai, na ci gaba. Bayan na wuce Zariya, dare ya yi, cikina ya ɗauka, iska tana kaɗawa, abin da na iya tunawa kawai shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayoyi. Na buɗe ido na ga motar ta bar kwalta tana neman gangarawa. Allah Ya sa babu rami a wurin, babu tirela a ajiye, babu mai tafiya a ƙasa. Na tsaya, jikina yana rawa kamar mazari, na fi rabin sa'a ban iya tayar da motar ba.

Da na isa gida wajen tsakar dare, sai na yi kuskuren ba mahaifiyata labari. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, wa ya aike ka?" Na ce, "Hajiya, gudun kada ki yi Sallah ba ki gan ni ba." Ta ce, "To, da gawarka aka kawo mini ai da na gan ka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta tashi ta shiga ɗaki. A daren nan na gane cewa matsin da nake ɗora wa kanta, mafi yawansa ni na ƙirƙire shi da kaina.

Ba ina cewa matsin babu shi ba ne sam. Akwai shi, kuma mai karatu ya san irinsa. Akwai gorin dangi, "Wane ai ya zama ɗan Abuja, ya fi ƙarfinmu." Akwai ƙannen da suka sa rai da goron Sallah, da abokan ƙuruciya da ba a haɗuwa sai shekara-shekara, da yaran da aka yi wa alkawarin kallon Hawan Daushe. Akwai kuma ƙarancin lokacin kansa, domin abin da gwamnatin tarayya ta saba bayarwa kwana biyu ne, wanda in bai haɗu da Asabar da Lahadi ba, mai zuwa Sakkwato ko Maiduguri rabin hutunsa a kan hanya zai ƙare. Ƙaramar Sallah kuwa ta fi tsanani, tunda ba a sanin ranarta tabbas sai an ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da dare, ga gajiyar goman ƙarshe a jikin kowa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne. Sai dai lokacin da aka yi wannan karin magana ƙafar a ƙasa take takawa, ba a kan totur ba.

Bari mu tsaya a kan gajiyar nan, domin ita ce aibin da ba mu ɗauka aibi ba. Mu a nan Arewa mukan yi alfahari da cewa tuƙi cikin maye ba babbar matsalarmu ba ce, musamman mu da muke ganin kanmu 'yan boko masu kamun kai. To, wani bincike da aka yi a ƙasar Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 idonsa biyu, kuzarinsa da saurin lurarsa kan ragu daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama ke kama direba in ya wuce ta. Yi lissafi da kanka. Wanda ya tashi sahur ƙarfe 4 na asuba, ya wuce ofis bai runtsa ba, da ƙarfe 9 na dare ya cika sa'a 17 cif. Alhaji ne, bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, amma a bayan sitiyari shi da mashayi tafiyarsu ɗaya.

Abin tsoro game da gyangyaɗin direba shi ne ba ya sallama. Ido na iya kasancewa a buɗe alhali ƙwaƙwalwa ta ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu. Motar da ke gudun kilomita 120 a sa'a tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, ke nan cikin daƙiƙa huɗu ta wuce tsawon filin ƙwallon ƙafa ba tare da kowa yana tuƙa ta ba. Haka lissafin yake ga wanda ya sunkuya ya duba saƙon barka da Sallah a wayarsa. Goro da kofi da sauke gilashi da ƙara muryar rediyo duk dabarun jinkirta barci ne, ba su biyan bashinsa. In hamma ta fara yawa, ko mutum ya lura ba ya iya tuna ƙauyen da ya wuce yanzu, to maganin ɗaya ne, ya samu gidan mai ko harabar masallaci inda akwai jama'a, ya kulle mota ya rufe ido ko da na minti 20 ne. Dokokin hanya na Ingila sun shawarci direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace sa'a biyu. Mu kuwa mutum zai taso daga Abuja bai tsaya ba sai Na'ibawa, ya kuma riƙa ba da labarin a majalisa kamar wanda ya ci yaƙi. Ga shi kuma shari'a ta yi wa matafiyi rangwame ya sha azumi ya rama daga baya, amma kunyar idon jama'a ta hana da yawa karɓar sauƙin da aka yi musu.

Sai batun gudu. Ƙa'idar da ke cikin dokokin hanya na ƙasar nan ga ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya. Wanda ya bi wannan ƙa'ida a hanyar Kaduna ranar jajibere zai ji kamar a tsaye yake, don yadda ake wuce shi. Amma me gaggawar take sayowa? A tafiyar kilomita 200, mai gudun 100 zai yi sa'a biyu, mai gudun 120 zai yi sa'a ɗaya da minti 40. Ribarsa minti 20, waɗanda ma yawanci yakan mayar da su a shingen jami'an tsaro ko a cunkoson Kawo. Abin da ya biya kuwa mai yawa ne, domin nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita ba ya ƙaruwa daidai da gudun, ninkuwa yake yi. Daga 100 zuwa 120 yana ƙaruwa da kusan rabi, daga 100 zuwa 140 kuwa kusan ninki biyu ne. Akuyar da mai gudun 100 zai kauce wa, ita ce za ta kifar da mai gudun 140. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace in aka auna da yawan jama'a, duk da cewa motocinmu ba su kai na wasu ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan larura ce ta 'yan haya da masu tsofaffin motoci kawai. A ranar 6 ga Maris ɗin 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a cikin babbar mota ta alfarma. Bayanin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta gabatar daga baya ya ambaci fashewar tayar baya, da gudun da ya wuce ƙima, da taka birki da ƙarfi bayan tayar ta fashe, da kuma cewa waɗanda ke zaune a baya ba su ɗaura bel ba, alhali na gaba da suka ɗaura sun tsira da ransu. Ban kawo wannan don tone wa kowa miki ba. Na kawo shi ne domin kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu ɗabi'armu ce ta yau da kullum.

Ɗauki bel. Tun daga watan Janairun 2003 hukumar ta fara tilasta ɗaura shi, amma har yau yawancinmu don jami'i muke ɗaurawa, da an wuce shi sai a kwance. Na baya kuwa ba a ma maganarsa. Mai gida zai hakimce a kujerar baya da babbar riga, yana ganin ɗaura bel zubar da girma ne, uwargida kuma ta rungume jariri a cinya a kujerar gaba, tana ganin hannunta ya fi kowane abu tsaro. Alhali in mota mai gudu ta tsaya farat ɗaya, babu hannun da zai iya riƙe yaro, kuma wanda bai ɗaure ba a baya shi ne ke zama dutsen da zai faɗa kan na gaba. Wurin yara kujerar baya ne, a ɗaure.

Ɗauki taya kuma. Mutum zai kashe kuɗi mai yawa a ɗinkin Sallah, ya kai mota a wanke ta tas, amma bai taɓa durƙusawa ya karanta abin da ke rubuce a jikin tayarsa ba. Akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, alal misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, tayar gwanjo kuwa ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa kafin ta zo ta haɗu da zafin kwaltarmu na watan Afrilu. Yawan iskar da ya dace da mota yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, ba a ƙiyasin mai faci ba, wanda sau da yawa da babban yatsa yake aunawa, kuma da safe ake dubawa kafin taya ta yi zafi. In ƙaddara ta sa ta fashe ana cikin gudu, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta. Taka birki da ƙarfi a wannan hali shi ne ke sa mota ƙundumbala.

Na ambaci ƙaddara, bari in ɗan ratse. Babu musulmin da ke jayayya da ita. Amma yadda muke amfani da kalmar a tashoshin mota da wuraren zaman makoki abin dubawa ne. Direba ya ɗauko mutum takwas a motar mutum biyar, ya sha gaban tirela a kan kwana, ya yi taho-mu-gama da wata, sai a ce kwana ne ya ƙare, a rufe magana. Fasinja in ya ce a rage gudu, sauran fasinjoji ne ma za su fara yi masa dariya, wai ko tsoron mutuwa yake. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Addu'ar hawa abin hawa da muke karantawa ba ta soke duba birki ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne dawowa ta fi tafiya haɗari. Mai zuwa gida aƙalla ɗoki yana riƙe da idonsa. Mai dawowa ya yi kwana uku yana yawon gaishe-gaishe, hira har ƙarfe 2 na dare, ya ci nama ya ƙoshi, sannan ya ƙi tashi da wuri don kada a ce yana gudun gida. Sai bayan La'asar ranar ƙarshe zai yi sallama, an cika masa but da buhun shinkafa da manja da soyayyen nama har bayan motar ya zauna, wai kuma gobe ƙarfe 8 yana ofis. Dare zai same shi a inda tireloli ke jeruwa a bakin titi, irin su Mararrabar Jos da Tafa, wasu ba fitilar baya, wadda ta lalace kuma alamarta ganye ne da aka watsa a kan kwalta. Aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018 ya ɗauki shekaru ana haɗa masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya a wurare da dama, abin da ya koya wa direbobi da yawa wata mummunar ɗabi'a ta bin hannun da ba nasu ba ko da babu dalili. Ba a ma zancen shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar har jama'a suka koma jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016, shi ma aka kai masa hari a ranar 28 ga Maris ɗin 2022. Duk wanda zai yi wannan tafiya, ya tashi bayan sallar Asuba, ya bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninsa da motar gabansa, ya kuma ajiye lambar 122 ta kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayarsa.

To, in mutum ya duba jikinsa da motarsa da aljihunsa ya ga tafiyar ba za ta yiwu cikin natsuwa ba, sai me? Nan ne muke da ƙarancin tarbiyya, domin an koya mana yadda ake Sallah a cikin dangi, ba a koya mana yadda ake yinta a baƙon wuri ba. Alhali masu yinta haka suna da yawa: likitoci da ma'aikatan jinya da ke kan aiki, 'yan sanda da sojoji, 'yan jarida, masu yi wa ƙasa hidima da aka tura jihohin da ba su san kowa ba, ɗalibai a ƙasashen waje, da waɗanda tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. 'Yan'uwanmu Kirista ma haka suke fama a lokacin Kirsimeti. Akwai kuma wani rukunin da nasu kaɗaicin ba na nisa ba ne: wanda iyayensa suka rasu gidan ya watse, matar da aurenta ya mutu aka karɓe 'ya'yan, dattijon da 'ya'yansa duk suka yi nisa. Irin waɗannan ko sun je garinsu, babu ƙofar da ke jiransu.

Ƙaramar Sallar shekarar 2020 ta ɗanɗana wa kowa wannan hali, lokacin da annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, a Abuja ko filin Idi ba a taru ba. Mutane da yawa a wannan shekara suka fara yin Sallah nesa da gida, suka kuma ga cewa sama ba ta faɗo ba. Turawa sun daɗe da ɗaukar kaɗaici a matsayin lamarin lafiyar jama'a, har gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista a kansa a 2018, babban likitan gwamnatin Amurka kuma ya fitar da gargaɗi na musamman a 2023. Mu mukan yi musu dariya mu ce ciwon masu ƙoshi ne. Amma wanda ya taɓa zama a ɗaki ɗaya a Kubwa ko Nyanya ranar Idi, yana jin kabbara daga nesa, yana cin burodi da shayi, ya san ba abin dariya ba ne.

Abin da na koya a shekarun da suka biyo bayan waccan tsakuwa ta hanyar Zariya shi ne, ranar ba ta cin mutum sai in ta same shi ba shiri. Wanda ya bar ta ta zo masa haka nan, zai tashi ƙarfe 11, ya ɗauki waya ya yi ta kallon hotunan mutane a WhatsApp da Facebook, kowa cikin sabuwar shadda, kowane gida cike da dariya, ya manta cewa babu mai ɗora hoton rigimar gado ko bashin da aka ci aka sayi ragon. Kafin Azahar zuciyarsa ta gama ƙuntata. Wanda ya shirya kuwa, tun ana saura kwana uku ya san da wa zai tafi Idi, ya kai ɗinkinsa ko ya goge tsohuwar rigarsa, ya sayi kayan miya. A yi wanka, a sa turare, a fita a bi sahu ko da ba a san kowa a filin ba, domin musabahar da baƙo zai yi maka bayan an sallame tana da nata tasirin. A dafa abinci na gaske, irin wanda ake ci a gida, ko da girkin bai kai na Hajiya ba. A sa lokacin kiran iyaye tun da wuri, a yi doguwar hira, a bi ƙanne da gwaggonni ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin man da ba a ƙona ba a tura musu, sau da yawa ya fi tsarabar da za a kai amfani.

Mafi amfani a cikin duka, a gwajina, shi ne mutum ya nemi wanda ya fi shi kaɗaici. Ba sai an je nesa ba. Mai gadin layinku wataƙila shekara biyu rabonsa da ƙauyensu. A asibitoci akwai majinyata da 'yan'uwansu suka tafi Sallah suka bar su, a gidajen marayu da gidajen gyaran hali ma haka. Wata Babbar Sallah mun haɗu mu biyar, gwauraye da waɗanda iyalansu suka riga su tafiya, muka shimfiɗa tabarma a harabar gidan haya, kowa ya kawo abin da ya samu, muka kira masu gadi biyu da wani maƙwabcinmu mutumin kudu da ba musulmi ba. An ci, an yi gardamar siyasa da ta ƙwallo har Magariba. Ba ta kai Sallar gida ba, ƙarya ne in ce ta kai. Amma ba wanda ya kwana da baƙin ciki, ba kuma wanda ya kwana a asibiti.

Nauyi ma yana kan masu iyali a gari. Maigida, ka san a ofishinku akwai yaron da aka ɗauka aiki bara daga Gashuwa ko Yawuri, ka san ba zai je gida ba. Cewa "ka zo mu ci tuwon Sallah" ba ta rage maka komai, shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya kawo kansa ba. Shugabannin ma'aikatu su daina riƙe mutane har La'asar ranar jajibere a kan aikin da zai iya jira. Iyaye da ke gida kuma, kalma ɗaya daga bakinku, "in ka gaji ka zauna, mun yafe," tana iya rage gudun mota fiye da jami'ai goma a kan hanya. Sannan in ƙuncin ya wuce na kwanakin Sallah, ya kai mako biyu ko fiye, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya fara jin rayuwa ba ta da amfani, to wannan ya wuce kewar gida, ganin likita ya kama. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ni dai tun daga waccan shekara, in hutun ya zo a matse, nakan yi Idi a inda nake, in nemi kwana uku daga cikin hutuna na shekara a makon da ke biye. Ranar Alhamis da sassafe nakan kama hanya, titi ba kowa sai 'yan tsirarun motoci, in tsaya a Kaduna in karya kumallo, in isa Kano kafin Azahar. Hawa ya wuce, baƙi sun watse, gidan ya koma yadda na san shi, Hajiya tana da lokacin zama ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a unguwa. In Babbar Sallah ce, kasona na nama yana nan a cikin wata tsohuwar samira, an soya shi ya bushe ƙarau, an rufe an tura ƙarƙashin gado inda jikoki ba za su gani ba.